Tun Da Muka Dawo Daga Italiya Maigidana Yake Cewa Na Ciyar Da Shi Haram

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki sakaya sunana. Ni matar aure ce mai yara uku. Kwanakin baya maigidana ya je taron aiki a birnin Bolonya na ƙasar Italiya, ya tafi da ni, da aka tashi daga taron muka ƙara 'yan kwanaki muna hutawa. Shi kullum shagon wani ɗan Pakistan yake kai mu cin shinkafa da kaza, ni kuwa na ce ba zan zo har Italiya in koma gida ban ɗanɗana girkin masu ƙasa ba. Daren da za mu taho na matsa masa, muka shiga wani ɗan ƙaramin gidan abinci a cikin lungu, teburansa ba su fi takwas ba. Wata tsohuwa ce ke girki, ɗanta yana kawo abinci, matarsa tana karɓar kuɗi. Sun karɓe mu hannu bibbiyu. Maigidana ya gaya wa ɗan da Turanci cewa ba ma cin alade, ba ma shan giya. Ya ce to, ya kawo mana taliya mai faɗi da miyar niƙaƙƙen nama, ya ce naman sa ne. Wallahi Anti ban taɓa cin taliya mai daɗinta ba.

Da muka gama sai tsohuwar ta fito da kanta da ƙananan kofuna biyu tana murmushi, ashe giya ce ta kawo mana kyauta. Ran maigidana ya ɓaci, ya ture kofin har ya zube. Da aka kawo takardar kuɗi kuma ya ga an ƙara Yuro shida na wani abin da ba mu ce a kawo ba, ya ɗaga murya yana cewa cuta ce don sun gan mu baƙar fata. Kowa ya juyo yana kallonmu. Tsohuwar ta koma kicin ba ta ce uffan ba.

Bayan mun dawo ya bincika a intanet, ya ga wai ainihin miyar da alade da giya ake yin ta. Tun ranar yake cewa ni na ciyar da shi haram saboda kwaɗayi da son burga. Ya gaya wa mahaifiyarsa, ita ma ta kira ni ta yi min faɗa. Yanzu yana so ya rubuta a Google cewa mayaudara ne masu ciyar da Musulmi alade. Ni kuma na kasa samun natsuwa. Ina tsoron ko sallolina ba su karɓu ba, ga fuskar tsohuwar nan ta ƙi fita daga raina. Me zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da abin da ke hana ki barci, wato sallarki. Ki kwantar da hankalinki, babu abin da ya taɓa ta. Kun faɗi abin da ba ku ci tun kafin a ɗora muku faranti, an ce muku naman sa ne, kuka ci bisa amana. Allah Ya faɗa a aya ta 5 ta Suratul Ahzab cewa babu laifi a kanku cikin abin da kuka yi kuskure, sai dai abin da zukatanku suka yi da gangan. Addu'ar ƙarshen Baƙara da muke karantawa kowane dare ma roƙon ke nan, kada a kama mu idan mun manta ko mun yi kuskure. Maganar rashin karɓar salla na kwana arba'in da na san ita ce ke yi miki yawo a kai, a kan wanda ya ɗauki giya ya sha yana sane take. Ke ba ki da ramuwar salla, ba ki da kaffara. Idan zuciyarki ta ƙi kwanciya da maganata, ku je wurin malamin da maigidanki yake ganin girmansa, ku biyu tare, don shi ma ya ji amsar da kunnensa.

To amma ba zan lallashe ki da abin da ba haka ba. Abin da maigidanki ya gani a intanet gaskiya ne. Wannan miya suna kiranta ragù, kuma mutanen Bolonya sun ɗauke ta da muhimmanci har ƙungiyar masana girkin Italiya ta kai rubutaccen tsarin dafa ta ofishin 'yan kasuwar birnin aka ajiye a 1982, aka sabunta shi a 2023. A cikin tsarin akwai naman sa, akwai albasa da karas da seleri da tumatir, akwai kuma pancetta, wato naman cikin alade mai kitse, da giya. Yankin da kuka je, Emiliya-Romanya, shi ne cibiyar sarrafa naman alade a ƙasar. A 2019 da aka yi wa ƙananan taliyarsu masu ƙunshe da nama, tortellini, haɗi da kaza a bikin birnin don waɗanda ba sa cin alade su samu su ci, sai da aka yi ta cacar baki a jaridu da bakin 'yan siyasa. Saboda haka zato mai ƙarfi shi ne akwai alade a tukunyar. Amma har yanzu zato ne, domin kowane gida da hannunsa, akwai masu yin ta da naman sa zalla da man zaitun. Daga ke har shi babu wanda ya san abin da tsohuwar ta zuba, shafin intanet bai leƙa tukunyarta ba.

Ko da ma ta zuba, ina so ki fahimci yadda hakan ke faruwa ba tare da an yi niyyar cutar da kowa ba. Ana yanka pancetta ƙanana ƙanana ne a narkar da ita a gindin tukunya tare da albasa tun kafin a saka nama, ta narke ta ɓace. A idon mai girkin Bolonya wannan kayan haɗi ne, naman miya kuwa shi ne na sa. Ki tambayi kowace mace a unguwarku da me ta yi miyar kuka, za ta ce kuka da nama da manja, daddawa ba za ta zo bakinta ba, alhali ita ce ƙamshin miyar. Haka yaron nan zai iya ce muku naman sa ne yana ganin gaskiya ya faɗa. Giya kuma, da ya ji ba ku sha, abin da ya fahimta shi ne kada ya kawo muku kwalba kan tebur. Mutanen can sun yarda cewa wadda aka zuba a girki tana bin tururi ta tafi. Ba duka take tafiya ba. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna bayan minti 15 a wuta kusan kashi 40 cikin ɗari na barasar na nan, bayan awa biyu da rabi kuma kusan kashi 5. Mai kawo abinci a ɗan lungu bai san wannan ba, kuma doka ba ta tilasta masa sani ba: dokar Tarayyar Turai ta 2011 ta wajabta wa gidajen abinci bayyana abubuwa 14 masu tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, irin su gyaɗa da ƙwai da madara da kifi, alade ba ya ciki.

Ban wanke shi tas ba. Baƙi sun ce maka ga abin da ba sa ci, kamata ya yi ka shiga kicin ka tambayi mahaifiyarka kafin ka amsa. Idan bai yi ba, ya yi sakaci, kuma yana da kyau a gaya masa. Sai dai sakaci daban, yaudara daban, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Maganar ƙananan kofunan nan ita ta fi taɓa min zuciya. A irin waɗannan gidaje, idan baƙo ya ci abinci ya nuna ya ji daɗi, masu gida kan kawo masa ɗan kofin barasa mai zaƙi ta lemon tsami ko ta goro irin nasu bayan an gama, ba a saka ta a lissafi. Karramawa ce. Tsohuwar tana bakin murhu lokacin da kuke magana da ɗanta, da wuya ta ji abin da aka ce, da wuya ma tana jin Turanci. Ta ga farantinki ya dawo a share, ta ji daɗi, ta bar tukunya ta fito da ƙafarta. Ƙin sha wajibi ne a kanku, wannan babu ja. Amma da ya dafa ƙirji ya ce mun gode ba ma sha, da shi ke nan, wataƙila ma ta koma ta kawo muku gahawa. Abin da kike ji game da fuskarta kunya ce ta mutumin kirki, kada ki bari a sa ki ɗauke ta rauni ne a addininki.

Yuro shidan kuwa sunansa coperto, kuɗin zama ne da burodi da shimfiɗar tebur, ana ɗora shi kan kowane kai, yawanci Yuro ɗaya zuwa uku, kuma a rubuce yake a takardar jerin abinci, sau da yawa da ƙananan haruffa can ƙasa. Ɗan ƙasa ma yana biya. Yankin Laziyo da birnin Rum yake ciki ya hana shi tun 2006, amma a Bolonya halal ne a dokarsu. Ban ce zargin maigidanki daga sama ya faɗo ba. Baƙar fata da ya bi layin biza, ya bi ta filin jirgin Turai, ya ga irin kallon da wasu ke yi masa, ba abin mamaki ba ne ya zauna da shirin ko ta kwana. Wariyar launin fata tana nan a Italiya, 'yan ƙwallon Afirka ma sun sha ta a filayen wasansu. A wannan dare dai, bisa abin da kika ba ni labari, alamun duk suna nuna akasin haka.

Yanzu mu zo kan maigida, don a nan ainihin ciwon yake. Ki duba abin ta wajensa. Shi ne ya yi tambayar, shi ne ya karɓi amsar, shi ne shugaban tafiya. Ya ɗaga murya a gaban mutane a kan kuɗin da, in dai ya ci gaba da bincikensa, ya riga ya gano ba cuta ba ne. Sannan ya dawo gida ya tarar abin da ya yi ta gudu tun farkon tafiya mai yiwuwa ya shiga cikinsa. Mutum mai kiyaye addininsa zai ji ƙyama da takaici, namiji kuma zai ji kunyar cewa bai tsare iyalinsa ba. Wannan nauyi ne ya rasa inda zai ajiye, ke kuma kina kusa. Na fahimce shi, amma bai yi miki adalci ba. Son ɗanɗana abincin garin da ka je ba kwaɗayi ba ne. Ba ki ɓoye masa komai ba, tare kuka shiga, tare kuka ci. Iyakar abin da za a ce naki ne shi ne kin matsa a je ba tare da an fara bincike ba, shi kuma ya yarda ba tare da ya bincika ba. Wannan kaɗai za ki amsa, kada ki ƙara ko ƙwayar zarra don neman a zauna lafiya, domin laifin da kika amsa yau ba naki ba, shi za a riƙa ɗauko miki duk ranar da aka saɓa.

Ki nemi lokacin da yake cikin walwala, yara sun kwanta, ba lokacin da ya tayar da zancen ba. Kada ki fara da tsohuwar, kada ki fara da ture kofi, zai ji kamar kin koma bayan baƙi kin bar shi. Ki fara da abin da ya haɗa ku. Ki ce masa ke ma abin yana damunki, da kin san haka miyar take da ba ki taka ƙofar ba, kuma kin ji daɗin yadda ya tsaya ya faɗa musu tun farko. Sannan ki gaya masa a fili, da murya mai sanyi, cewa kalmar kin ciyar da shi haram tana yi miki ciwo, domin tana nufin ganganci, shi kuwa shaida ne ba ki yi ganganci ba. Ki roƙe shi ya daina faɗinta. In ya yi shiru, ki bar shi da shirunsa, ba lallai ne haƙurin ya fito daga bakinsa a daren ba. Da yawan mazanmu sun fi iya ba da haƙuri da aiki, ki lura da hakan in ya zo.

Hajiya mahaifiyarsa kuma, kada ki yi musu da ita, kada ki yi mata dogon bayani a waya. Labari ɗaya ta ji, daga bakin ɗanta cikin fushi, kowace uwa haka za ta yi. Wanda ya kai maganar shi ya fi dacewa ya gyara ta, don haka idan kun daidaita ki roƙe shi ya ce mata an bincika, kuskure ne, babu laifin kowa. In bai yi ba, ki je gaishe ta kamar yadda kika saba, da ɗan abin hannunki, in ta tayar ki ce: Hajiya mun tambaya kafin mu ci, aka ce mana naman sa ne, in sha Allahu za a kiyaye. Ki tsaya a nan.

Rubutun Google ne nake so ki yi iya ƙoƙarinki a kai. Gida mai tebur takwas da irin waɗannan rubuce-rubuce yake rayuwa, mutum uku ne da abincinsu a wurin. A ce musu mayaudara alhali ba a tabbatar ba, ƙazafi ne, kuma kasancewarsu ba Musulmi ba bai halatta shi ba. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana ƙin wasu mutane ya sa mu kauce wa adalci. A dokar Italiya ma ɓata suna laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa. Kada ki ce masa kada ya rubuta, zai ƙara kafewa. Ki ce masa ya fara tambaya tukuna. Ku aika musu da gajeren saƙo ta lambar WhatsApp ko imel ɗin gidan, wayarku za ta juya shi zuwa Italiyanci, ko wani abokin aikinsa da suka haɗu a taron ya duba muku. Ku ce ku ne baƙin da suka ci abinci rana kaza, ku Musulmi ne, kuna so ku sani tsakani da Allah ko akwai pancetta ko giya a miyar. Ku ƙara layi ɗaya cewa kun gane kofunan kyauta ce, kuna ba mahaifiyarsu haƙurin yadda aka rabu, abincinta ya yi daɗi.

In suka ce babu, kun huta. In suka ce akwai, to yana da haƙƙin rubutawa, sai ya rubuta abin da ya faru kamar yadda ya faru: mutanen kirki ne, abincin da daɗi, amma mun ce ba ma cin alade aka kawo mana miyar da ke da shi, Musulmin da zai zo ya tambaya dalla-dalla. Wannan zai amfani matafiyi na gaba, zai kuma sa yaron ya koyi shiga kicin ya tambaya. In ba su amsa ba, ya rubuta iya abin da ya sani, ban da abin da yake zato. Idan ya ƙi duk wannan ya ce sai ya zage su, ki nemi yayansa ko amininsa ya yi masa magana. Abin da ban ba ki shawara ba shi ne ki zagaya ki aika saƙo ko ki yi naki rubutun a ɓoye. Ranar da ya gani, maganar za ta tashi daga alade ta koma amana. In ya hana saƙon ban haƙurin gaba ɗaya, ki bar shi, ba ke kika ture kofin ba, ki yi wa tsohuwar fatan alheri a ranki.

Akwai kuma iyaka. Idan watanni suka shuɗe yana ci gaba da yi miki gori, musamman a gaban yara ko dangi, to zancen ya wuce taliya. Nan ki sanar da waliyyinki ko wani babba da kuke jin maganarsa, a zauna.

Kada wannan ya sa ki rantse ba za ki ƙara shiga irin gidan ba, domin girkin Italiya cike yake da abin da za ki ci hankali kwance. In Allah Ya sake kai ku, ku rubuta 'yar takarda da Italiyanci ku miƙa a kai wa mai girki da kanta, a jera sunayen ɗaya bayan ɗaya: maiale, wato alade, da pancetta, guanciale, prosciutto, lardo da strutto, waɗanda duk daga alade suke, sai vino, wato giya, da brodo di carne, wato romon nama. Strutto narkakken kitsen alade ne, yana shiga burodin yankin nan mai faɗi da suke kira piadina da wasu kayan fulawa, mutum ba zai taɓa zato ba. Shinkafarsu risotto yawanci da farar giya ake fara ta, kayan zaƙin nan tiramisù ma wasu gidajen suna zuba masa giya. Duk miyar da aka dafa tun safe ba a iya cire mata komai, don haka ku zaɓi abin da za a girka muku nan take: taliya da tumatir da ganyen basilico, taliya da tafarnuwa da man zaitun da barkono, gasasshen kifi, gasassun kayan lambu. In kun kira tun da rana kun faɗi buƙatarku, ƙananan gidaje sun fi manya saurin yi muku girki na daban. Batun naman sa da kaza kuma, ku tambayi malaminku tun a gida, domin malamai sun saɓa kan yankan mahautan Turai na yau duk da izinin abincin Ahlul Kitabi da ke aya ta 5 ta Ma'ida. Ku tsayar da matsaya ɗaya ku biyu kafin ku hau jirgi, kada a sake yanke ta a kan tebur.

A wannan makon dai abu biyu nake so ki yi: zaman nan da shi, da roƙon ya dakata da rubutun har saƙon ya tafi ya dawo. Idan amsa ta zo, ko kuma ya ƙi sauraronki, ki sake rubuto min mu duba mataki na gaba. Allah Ya daidaita tsakaninku.